Shin Sykes da Picot Ne Suka Rusa Daular Turkawa?

Tambaya: "Malam, kullum ana ce mana Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna a ɓoye a shekarar 1916, suka zana taswira, suka yayyanka Daular Usmaniyya ta Turkiyya, daga nan halifanci ya rushe. Haka abin yake, ko akwai wani abu bayan wannan?"

Ɗan'uwa, zaman da ka ji labarinsa an yi shi, ba ƙage ba ne. Mark Sykes na Birtaniya da François Georges-Picot na Faransa sun ƙulla yarjejeniyar sirri wadda aka kammala a watan Mayun 1916, da amincewar Rasha, kan yadda za a raba ƙasashen Larabawa da ke ƙarƙashin Sarkin Santambul idan an ci yaƙi. Sai dai duk wanda ya ɗora wa wannan takarda faɗuwar daular, ya kama reshe ne ya bar tushe. Lokacin da mutanen nan biyu suka ɗauki fensir, daular ta fi shekara ɗari tana zubar da jini. Bayan sun ajiye fensirin ta ƙara shekara shida tana numfashi. Halifancin kuwa majalisar Turkawa ce ta soke shi a Ankara a 1924, da ƙuri'ar 'ya'yan ƙasar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar bangon ita ce abin da ya kamata a fahimta.

Ni in zan ba da wannan tarihi, daga tashoshin jiragen ruwa nake farawa, inda mutane ke zaune a kan ƙunshin kayansu ba su san inda za a kai su ba. Duk lardin da daular ta rasa, sai ka ga ayarin mutane ya biyo baya. In ka bi sawun waɗannan ayari, za ka gane dalilin da ya sa shugabannin Santambul suka yi cacar da suka yi a 1914, har ma da ta'asar da suka tafka a 1915.

Gidan Usman Gazi, wanda sunansa daular ke ɗauke da shi, ya kafu ne wajen 1299, ya ci Santambul a 1453, ya karɓi Masar da hidimar Makka da Madina a 1517. Ja da baya ya soma bayan an kore su daga ƙofar Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1683. Amma raunin da ya fi zafi ya zo ne daga arewa. Rasha ta ci su da yaƙi a 1774, sannan a 1783 ta haɗiye yankin Kirimiya, ƙasar Tatar, Musulmi tun kaka da kakanni. Tatar suka fara kwararowa kudu, kashi bayan kashi, har tsawon ƙarni guda. Kalmar muhajir ta zauna daram a bakin Turkawa tun daga wannan zamani.

Abin da ya sami Sarkasawa na tsaunukan Kaukasus ya fi wannan muni. Da Rasha ta gama murƙushe su a 1864, sai ta koro su zuwa gaɓar Bahar Aswad, dubban ɗaruruwa. Aka cusa su cikin ƙananan jiragen ruwa fiye da abin da jiragen za su iya ɗauka. Waɗanda ba su nitse ba suka sauka a Tirabzon da Samsun, inda babu masauki, babu isasshen abinci, agana da zazzaɓi suka shiga cikinsu, ana kwasar gawa kowace safiya. Gwamnati ta rarraba waɗanda suka tsira a Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya, da yankin Balkan da ƙasar Sham. Amman, babban birnin Jodan na yau, kufai ne na gine-ginen Rumawa kafin Sarkasawa su sauka a cikinsa a 1878 su tayar da gari. Duk sanda na ga hoton birnin nan sai na tuna cewa 'yan gudun hijira ne suka fara hura wuta a cikinsa.

To me ya hana Rasha gamawa da daular tun a lokacin? Birtaniya ce. Ba don ƙauna ba, don hanyar Indiya. Ingila ba ta son jiragen yaƙin Rasha su fito ta mashigin Bosforus da Dardanel su shiga Bahar Rum, saboda haka ta ga gara a bar Sarkin Santambul yana gadin ƙofar ko da kuwa ba shi da ƙarfi. Shi ya sa a Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 sojojin Ingila da na Faransa suka mutu a gefen sojojin Turkawa suna yaƙar Rasha. Ka riƙe wannan da kyau: waɗanda suka raba daular a 1916, su ne garkuwarta shekara sittin kafin nan.

Garkuwar kuwa da kuɗinta. A 1854, ana tsakiyar wancan yaƙi, daular ta ci bashinta na farko daga bankunan Turai. Bashi ya bi bashi, ana cin sabo don a biya ruwan tsoho, har a 1875 gwamnati ta ce ba za ta iya biya yadda aka yi alkawari ba. A 1881 aka kafa hukumar kula da bashin daular, wadda wakilan masu bin bashi na Turai ke juyawa. Ita ke karɓar harajin gishiri da taba da siliki da kan sarki da kamun kifi, kai tsaye, ba tare da kuɗin sun bi ta baitulmalin Sarki ba. Hukumar ta yi girman da ma'aikatanta suka fi na ma'aikatar kuɗin daular yawa. Ga kuma tsofaffin yarjejeniyoyin gata, waɗanda suka hana alƙalin daular hukunta Bature in ya yi laifi, suka kuma hana gwamnati ƙara kuɗin fito ba da yardar ƙasashen Turai ba. Daular da ba ta da iko da harajinta, ba ta da iko da kotunta, ai an riga an zare mata laka.

Yaƙin 1877 zuwa 1878 ya kawo sojojin Rasha har bakin Santambul. A cikin hunturun nan mutanen ƙauyukan Bulgeriya Musulmi suka yi ta tahowa a ƙasa da kan amalanken shanu, suka cika masallatan birnin, har da Aya Sofiya. Taron Balin na 1878 ya ba Sabiya da Romaniya da Montenegro cikakken 'yanci, Bulgeriya ta samu cin gashin kai, Ostiriya ta shiga Bosniya, Ingila kuma ta karɓi tsibirin Kubrus a matsayin ladan kariyarta. Faransa, wadda ta riga ta kama Aljeriya tun 1830, ta ƙara da Tunisiya a 1881. Ingila ta mamaye Masar a 1882.

Sarki Abdulhamid na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1876 zuwa 1909, ya karanci halin da ake ciki. Lardunan Kirista suna ficewa, muhajirai suna shigowa, daular tana ƙara zama ta Musulmi. Sai ya ɗaga tutar halifanci sama fiye da yadda magabatansa suka yi, ya gina layin dogo daga Dimashƙa zuwa Madina da gudummawar Musulmin duniya, jirgin farko ya isa a 1908. Ya kuma nemi sabon aboki, ya samu Jamus, ƙasa mai ƙarfi wadda ba ta ƙwace masa ko taƙi ɗaya ba. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya ziyarci daular a 1889 da 1898, ya je kabarin Salahuddin a Dimashƙa, ya shelanta cewa shi abokin Musulmin duniya miliyan 300 ne. Hafsoshin Jamus suka horar da sojojin Turkawa, kamfanonin Jamus suka samu kwangilar layin dogon Bagadaza.

A daidai wannan lokaci ƙawancen Turai yana sauya kama. Faransa ta haɗa kai da Rasha a 1894, Ingila ta sasanta da Faransa a 1904, sannan a 1907 Ingila ta sasanta da Rasha kanta, duk saboda tsoron Jamus. Ranar da aka sa hannu a wannan ta ƙarshen, Santambul ta wayi gari mai gadinta ya zama abokin mai neman ranta. A ganina wannan shekara ta 1907 ta fi 1916 nauyi a kan makomar daular, ko da yake ba kasafai ake ambatonta ba.

Sai matasan hafsoshi da ake kira Samarin Turkawa suka yi juyi a 1908, suka tilasta wa Abdulhamid maido da tsarin mulki, shekara ta zagayo suka tuɓe shi. Sun yi zaton majalisa da daidaito tsakanin Musulmi da Kirista da Bayahude za su ɗinke ɓarakar. A Salonika, wadda ke cikin Girka a yau, da Santambul an ga limamai da fada-fada suna rungumar juna a titi, kuma na yarda da gaske suke. Amma kafin shekarar ta ƙare Ostiriya ta haɗiye Bosniya ɗungum, Bulgeriya ta ayyana 'yanci. Italiya ta afka wa Libiya a 1911. A watan Oktoban 1912 kuma ƙananan ƙasashe huɗu, Sabiya da Bulgeriya da Girka da Montenegro, suka haɗa kai suka kai hari. Cikin 'yan makonni ƙasar da Turkawa suka riƙe shekara 500 ta kuɓuce. Salonika ta faɗi a Nuwamba. Mutanen Santambul suna jin rugugin igwar Bulgeriya daga gidajensu, kwalara tana cin sojoji da 'yan hijira tare. Daular ta rasa kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙasarta ta Turai, Musulmi wajen 400,000 suka tsallako, ban da waɗanda aka kashe a ƙauyukansu ko suka mutu a hanya.

Yanzu dubi mutanen da suka ƙwace mulki a watan Janairun 1913. Talat ɗan wani gari ne da ke cikin Bulgeriya a yau. An haifi Jamal a tsibirin Midilli, wanda Girka ta kama. Anwar ya tashi ne a Manastir, wadda Sabiya ta kama. Shi kansa Mustafa Kamal, wanda daga baya ya kafa jamhuriyar Turkiyya amma a lokacin bai kai sahun gaba ba tukuna, haifaffen Salonika ne, mahaifiyarsa ma ta baro garin a matsayin 'yar hijira. Daula ce ta faɗa hannun mutanen da aka cinye garuruwansu na haihuwa a gaban idonsu. Darasin da suka ɗauka mai ɗaci ne kuma mai haɗari: duk inda ake da Kirista masu yawa da ke da uban gida a Turai, nan ne lardi na gaba da za a rasa, kuma duk ƙasar da ba ta da babban aboki, abincin maƙwabta ce.

Saboda haka suka shiga neman aboki ido rufe, kuma ba Jamus suka fara ƙwanƙwasa wa ƙofa ita kaɗai ba. An nemi Ingila a 1911, ta ba da haƙuri. Talat ya je Kirimiya a watan Mayun 1914 ya yi wa Rasha tayin ƙawance, ba a ɗauka ba. Jamal ya je Faris a watan Yuli, ya dawo hannu rabbana. Jamus ce ta amsa, ita ma don yaƙi ya riga ya ƙaraso. Ranar 2 ga Agustan 1914 aka sa hannu a yarjejeniyar sirri, yawancin ministocin daular ba su ma san an yi ba.

A cikin makon nan aka yi wani abu da ya juya zukatan talakawa. Daular ta sayi manyan jiragen yaƙi biyu da aka ƙera a Ingila, Sultan Usman da Rashadiyya. Da gudummawar jama'a aka tara kuɗi mai yawa daga ciki, har 'yan makaranta sun sa nasu. Matuƙa Turkawa sun riga sun isa Ingila don su tuƙo na farkon, sai Winston Churchill, wanda ke riƙe da ma'aikatar sojan ruwa, ya ba da umarnin a ƙwace jiragen a sa su cikin rundunar Birtaniya. An riga an gama shirya ƙawance da Jamus kafin wannan, don haka ba shi ne sanadi ba, amma ya sauƙaƙa wa Anwar, ministan yaƙi mai son ƙawance da Jamus, aikinsa ƙwarai. Ranar 10 ga Agusta jiragen yaƙin Jamus biyu, Goeben da Breslau, waɗanda rundunar Ingila ke kora a Bahar Rum, suka shige mashigin Dardanel. Aka sanar cewa daular ta saye su. Aka sauya musu suna zuwa Yavuz da Midilli, aka ɗaga jar tuta mai jinjirin wata, matuƙan Jamus suka cire hulunansu suka sa jar dara, kwamandansu Souchon ya zama shugaban rundunar ruwan Sarki. Mutanen Santambul suka fito gaɓa suna murna, Jamus ta mayar musu da abin da Ingila ta ƙwace.

Kusan wata uku gwamnati tana jan ƙafa, wasu ministoci suna son a tsaya a gefe. A tsakanin nan ta soke yarjejeniyoyin gatan Turawa. Amma baitulmali babu kome, zinaren bashi kuma ya iso daga Balin a watan Oktoba, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ranar 29 ga Oktoba Souchon ya shiga Bahar Aswad da jiragen nan, da izinin Anwar, ya yi ruwan wuta a kan Odesa da Sebastopol. Rasha ta shelanta yaƙi, Ingila da Faransa suka biyo baya ranar 5 ga Nuwamba. Ministan kuɗi Jawid da wasu abokansa suka ajiye aiki. Aka karanta fatawar jihadi a masallacin Fatih, amma ba ta tayar da duniyar Musulmi yadda Jamus ta yi fata ba. Sojoji Musulmi daga Indiya da Arewacin Afirka sun ci gaba da yaƙi a rundunonin Ingila da Faransa, kuma ba wuya a ga dalili: kira ne na jihadi a gefen sarakunan Kirista biyu, na Jamus da na Ostiriya, don yaƙar wasu ƙasashen Kirista uku.

Duk da haka kada ka ɗauka mushe aka tarar. Anwar ya jefa runduna guda cikin ƙanƙarar Sarikamish, a fagen daga da Rasha, a ƙarshen 1914, dubun-dubatar sojoji suka hallaka, da yawansu sanyi da cuta ne suka kashe su. Amma a Galiboli, a bakin mashigin Dardanel, daga Maris na 1915 zuwa Janairun 1916, sojojin daular sun hana manyan rundunonin Ingila da Faransa wucewa, a nan ne sunan Mustafa Kamal ya fito. A Kut da ke Iraƙi kuma, Janar Townshend ya miƙa wuya da mutum wajen 13,000 ranar 29 ga Afrilun 1916. Duba kwanan watan. Mako biyu da 'yan kwanaki bayan wannan abin kunya aka kammala takardar Sykes da Picot. Cinikin biri a sama suke yi, suna rabon ƙasar da ba su ci ba tukuna.

Akwai abin da ba zan tsallake ba, ko da yake na san wasu ba sa son jin sa. Bayan Sarikamish, gwamnatin su Talat ta ɗauki Armeniyawan daular baki ɗaya a matsayin 'yan koren Rasha. Gaskiya ne wasu Armeniyawa sun shiga rundunar Rasha, an kuma yi bore a garin Wan. Amma hukuncin bai tsaya kan masu makami ba. Ranar 24 ga Afrilun 1915 aka kame manyan Armeniyawan Santambul, malamai da marubuta da 'yan majalisa. Daga nan aka kwashe jama'a daga garuruwansu a faɗin Anatoliya, har da wuraren da ke nesa da fagen fama. Akan ware maza a kashe su a bayan gari, a kora mata da yara da tsofaffi a ƙasa zuwa hamadar Siriya, wajen Dairuz Zur. Kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu ƙididdigar sun haura haka. Kiristocin Assuriyawa ma sun sha irin wannan. Yawancin masana tarihi suna kiran abin kisan ƙare dangi, gwamnatin Turkiyya ba ta yarda da wannan suna ba har yau. Akwai gwamnoni Musulmi da suka ƙi bin umarnin aka tuɓe su, wasu aka kashe su, akwai kuma iyalan Turkawa da Kurdawa da Larabawa da suka ɓoye yara a gidajensu. Wahalar da muhajiran Balkan da Kaukasus suka sha tana bayyana tsoron da ya cika zukatan masu mulki, amma ba ta wanke su. Yaron da aka kora cikin hamada ba shi ne ya ƙone ƙauyen kowa a Bulgeriya ba.

Lardunan Larabawa su ma sun ɗanɗana. Fara ta sauka a Sham a 1915, jiragen Ingila da Faransa sun toshe gaɓa, sojoji suna ƙwace hatsi da dabbobi, yunwa ta kashe kusan sulusin mutanen Dutsen Lebanon. Jamal, wanda ke mulkin Sham a lokacin, ya rataye fitattun Larabawa a Beirut da Dimashƙa a 1915 da 1916. A cikin wannan yanayi Sharif Husaini na Makka ya yi tawaye a watan Yunin 1916, bayan musayar wasiƙu da McMahon, wakilin Ingila a Masar, wanda ya yi masa romon baka da daular Larabawa mai 'yanci ba tare da fayyace iyakarta ba. Yawancin Larabawa ba su bi shi ba, dubban ɗaruruwansu suna cikin kakin sojan Sarki har ƙarshe. A Madina, Fahri Basha ya kwashe yawancin mazauna birnin ta jirgin ƙasa zuwa Sham, ya aika da kayayyaki masu daraja na Masallacin Annabi zuwa Santambul, ya riƙe garin har Janairun 1919, wata biyu da ɗoriya bayan daular ta ajiye makami.

Ka ga ke nan Ingila ta yi alkawura masu cin karo da juna. Ta yi wa Rasha alkawarin Santambul da mashigin teku tun 1915. Ta yi wa Sharif nasa, ta yi wa Faransa nata, sannan ranar 2 ga Nuwamban 1917 Balfour, ministan harkokin wajen Birtaniya, ya rubuta wasiƙar goyon bayan kafa wa Yahudawa mazauni na ƙasa a Falasɗinu. 'Yan Bolshebik da suka kifar da gwamnatin Rasha ne suka buɗe akwatunan sirri a wannan watan, suka buga yarjejeniyar Sykes da Picot a jarida, duniya ta gani. Daga nan sunanta ya zama tambarin yaudara, kuma ta cancanci hakan. Sai dai taswirar da ke cikinta ba ita ce ta yau ba. A takardar, Mosil rabon Faransa ce, Falasɗinu kuma za ta kasance a hannun ƙasashe da dama. Dukansu biyu Ingila ce ta tafi da su, saboda sojojinta ne a ƙasa: sun shiga Bagadaza a Maris na 1917, Ƙudus a Disamba, Dimashƙa a Oktoban 1918. Sykes ya mutu da murar annoba a Faris a farkon 1919. Ainihin rabon an yi shi ne a San Remo a 1920, inda Faransa ta samu Siriya da Lebanon, Ingila ta samu Iraƙi da Falasɗinu. Faransa ta kori Faisal ɗan Sharif daga Dimashƙa da bakin bindiga a watan Yulin 1920, Ingila ta naɗa shi Sarkin Iraƙi a 1921. Shi kuwa Sharif, Ibn Sa'ud ya ƙwace Hijaz daga gidansa a 1924 zuwa 1925, ya tafi gudun hijira Kubrus.

Takardar da ta nemi binne daular da gaske ita ce yarjejeniyar Sebar da ke kusa da Faris, ta ranar 10 ga Agustan 1920. Ta ba Girka yankin Izmir da gabashin Tiras, wato ƙasar da ke yamma da Santambul a ɓangaren Turai, ta tanadi ƙasar Armeniya a gabas, ta sa mashigin teku a hannun hukumar ƙasa da ƙasa, ta bar wa Turkawa guntun Anatoliya. Wakilan Sarki Muhammadu na Shida suka sa hannu, a lokacin sojojin Ingila na sintiri a titunan Santambul. Tun kafin nan Shaihul Islam na fadar ya ba da fatawar halatta jinin masu turjiya a Anatoliya, aka yanke wa Mustafa Kamal hukuncin kisa a bayan idonsa. A nan gidan Usman ya zubar da mutuncinsa a idon hafsoshin da ke yaƙi a Anatoliya. Majalisar Ankara, wadda Mustafa Kamal ke jagoranta, ta samu zinare da makamai daga Rashar Bolshebik, tsohuwar abokiyar gaba, ta sasanta da Faransa a 1921, ta tsayar da sojojin Girka a kogin Sakarya, ta shiga Izmir ranar 9 ga Satumban 1922. Kwana huɗu bayan haka gobara ta cinye unguwannin Girkawa da Armeniyawa na birnin, jama'a suka cushe a bakin teku suna jiran jirgi. Ranar 1 ga Nuwamba majalisar ta soke sarauta, ranar 17 ga wata Sarkin ya fita da sassafe ya hau jirgin yaƙin Ingila zuwa Malta.

A Lozan da ke Siwizalan aka rubuta sabuwar yarjejeniya a watan Yulin 1923, wadda ta tabbatar da mafi yawan iyakokin Turkiyya na yau. Af, zancen da ke yawo cewa wa'adinta shekara ɗari ne, ta ƙare a 2023, babu shi a cikinta. Ba a sa mata wa'adi ba. Abin da ke cikin tarin takardun Lozan wanda ya fi taɓa ni shi ne na ranar 30 ga Janairun 1923, inda Girka da Turkiyya suka amince su yi musayar jama'a bisa tilas. Kiristocin Otodoks na Anatoliya kimanin miliyan 1.2, yawancinsu sun riga sun gudu, aka hana su dawowa, aka kwashe ragowar. Musulmin Girka kusan 400,000 aka tura su Turkiyya. An keɓe Girkawan Santambul da na tsibirai biyu, da Musulmin yammacin Tiras.

Addini aka duba, ba harshe ba. A tsakiyar Anatoliya akwai Kiristocin Karaman waɗanda Turkanci ne harshensu na gida da na coci, suna rubuta shi da baƙaƙen Girkanci, har a kan duwatsun kabarinsu. Aka sauke su a Firayus, tashar jiragen ruwan Atina, ba sa jin abin da jami'in da ke rubuta sunansu yake faɗa, maƙwabta suna yi musu gorin cewa irin Turkawa ne. A ɗaya gefen, Musulmin tsibirin Kirit da ba su san wani harshe ba sai Girkanci aka sauke su a Aiwalik da Izmir, aka ba su gidajen waɗanda suka tafi, su ma ana yi musu kallon baƙi. Manomin taba ya samu gonar zaitun da bai san yadda ake kula da ita ba, masunci ya tsinci kansa a kan tudu. Girka mai mutum wajen miliyan biyar ta wayi gari da ƙarin fiye da miliyan ɗaya, aka kwantar da iyalai a makarantu da rumfunan jirgin ƙasa har da ɗakunan kallo na gidan wasan kwaikwayon Atina. Unguwannin da suka gina suna nan da sunayen garuruwan da suka baro: Sabuwar Simirna, Sabuwar Iyoniya, Sabuwar Filadelfiya. Mutane da yawa a ɓangarorin biyu sun kulle ƙofa sun tafi da mabuɗi, suna zaton wata 'yar tafiya ce.

An ayyana jamhuriya ranar 29 ga Oktoban 1923. An bar Abdulmajid na Biyu da laƙabin halifa ba tare da mulki ba, Musulmin Indiya da suka shekara biyar suna fafutukar kare halifanci suna ta roƙon a ƙara masa daraja, Ankara kuwa tana ganin kujerar a matsayin inuwar da 'yan adawa za su fake. Ranar 3 ga Maris na 1924 majalisa ta soke ta. A daren aka sanar da shi, kafin gari ya waye aka fitar da shi daga fadar Dolmabace, aka kai shi tashar Catalja a bayan gari don kada jama'a su taru, aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa Siwizalan. Sauran 'ya'yan gidan aka ba su 'yan kwanaki su fice. Ya rasu a Faris a watan Agustan 1944. Turkiyya ta ƙi yarda a kawo gawarsa, ta shekara goma a ajiye a babban masallacin Faris, sai a 1954 aka kai shi Madina aka binne a Baƙi'a. A cikin wannan shekarar ce kuma Turkiyya ta biya kashin ƙarshe na rabonta daga bashin da aka fara ci a 1854.